FEƊE WAƘA: AMSA-AMO YA ZAUNA, TO KARI FA?



Wani ɗalibi ya turo mana 'yar waƙarsa mai baiti huɗu, ya ce a duba masa ko amsa-amonta ya yi daidai, ya kuma yarda a feɗe ta a gaban kowa ba tare da an ambaci sunansa ba. Mun gode masa. Tambayar tasa ita ce tambayar mafi yawan masu fara rubuta waƙa: ƙarshen layuka ya yi kama? In ya yi, sai a ɗauka an gama. To ba a gama ba. Amsa-amo ido ma yana ganinsa, amma kari sai kunne, kuma a nan ne waƙa take tsayawa ko ta yi ɗingishi. Ga waƙar kamar yadda ya turo ta:

1.
Ruwa ya zubo, mun ga ƙarshen fari,
Mutane suna murmushi duk gari,
Manoma suna fid da ƙwaryar iri,
Mu gode wa Sarkin da yai damina.

2.
Ina nan a birni, ina jin ruwa,
Karatu ya ɗaure ni, babu zuwa,
Tunani yana can ga gonar uwa,
Idan na ji ƙamshin ƙasa zan tuna

3.
Da tsohon da bara ya bar duniya,
Ya bar Inna can ba ta da lafiya,
Abin nan yana cin mu can zuciya,
Ina wanda zai taimake ta a gona?

4.
Idan an yi hutu kawai sai gida,
Ba zan ƙara kwana a nan ko guda,
Mu shuka su dawa, mu shuka gyaɗa,
Mu samo rabonmu cikin damina.

Kafin ku ci gaba, ku karanta ta da ƙarfi sau biyu, kuna ɗan buga yatsa a kan tebur. Akwai wurare biyu da yatsan zai yi tuntuɓe. Ku riƙe su a ranku, za mu zo kansu.

ZUBI DA TSARI

Waƙar 'yar ƙwar huɗu ce, wato kowane baiti ɗango huɗu gare shi. Ɗango ukun farko na kowane baiti suna da nasu amsa-amon, shi ne amsa-amon ciki ko ƙaramin amsa-amo, kuma yana sauyawa daga baiti zuwa baiti: -ri, -wa, -ya, -da. Ɗango na huɗu kuwa yana ɗauke da amsa-amon waje, babban amsa-amo, wanda ba ya sauyawa tun daga farko har ƙarshe: -na. Waɗannan sunaye duk za ku same su a Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, littafin da ɗaliban adabin Hausa suka daɗe suna auna waƙa da shi.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne yadda baitocin suke tafiya. Na farko na gari ne gaba ɗaya: mutane, manoma, "mu". Na biyu ya tsuke ya koma kan mutum guda a birni, "ina nan". Na uku ya koma baya, bara, ya fito da abin da yake ciwon. Na huɗu ya dubi gaba. Ku lura har lokutan aikatau sun bi wannan hanya: shuɗaɗɗe da mai ci a baiti na 1 (ya zubo, suna fid da), mai ci a na 2 (ina jin, yana can), shuɗaɗɗe a na 3 (ya bar), sannan mai zuwa da umarni a na 4 (ba zan ƙara, mu shuka). Tambayar da ta rufe baiti na 3, wa zai taimaki Inna, baiti na 4 ne amsarta, kuma mawaƙin bai tsaya ya ce "ni ne" ba, ya bar mai sauraro ya gane da kansa. Wannan gwaninta ce.

Sannan akwai saɓi-zarce tsakanin baiti na 2 da na 3. Jimlar ba ta ƙare a "zan tuna" ba, sai da ta tsallaka ta samu "da tsohon". Masu sha'awar tsohon zubi sukan so kowane baiti ya tsaya da ƙafarsa. Amma a nan ni ina ganin ya yi amfani. Mai sauraro yana jiran ya ji me za a tuna, ya zaci gona ce ko gida, sai ya ji ashe mamaci ne. Ɗan jiran nan shi ya ba wa kalmar nauyi.

YADDA AKE AUNA KARI

Gaɓar Hausa iri biyu ce ta fuskar nauyi. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar "da", "mu", "ci". Alamarta (v). Akwai mai nauyi, wadda take da dogon wasali (kamar "raa" a rana), ko tagwan wasali (sai, yau), ko ta ƙare da baƙi (nan, har, mun). Alamarta (–). Karin rubutacciyar waƙa jeri ne na waɗannan biyun, yana maimaita kansa.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi, aruli, Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara shi don waƙoƙin Larabci a ƙarni na 8. Ya fitar da karuruwa 15, daga baya Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Malamanmu na ƙarni na 19, irin su Shehu Usmanu da Abdullahi ɗan Fodiyo da Nana Asma'u, sun san wannan ilimi sarai, kuma da shi aka gina rubutattun waƙoƙin Hausa masu yawa, domin Hausa ma tana bambanta dogon wasali da gajere kamar Larabci. Wannan ba ya nufin kowace waƙar Hausa sai ta shiga karin Larabci. Akwai waɗanda suka ɗauko karinsu daga waƙoƙin baka, kamar Imfiraji ta Aliyu Namangi. Amma wadda ke gabanmu ta shiga, kuma karinta shi ne Mutaƙarab.

Ƙafar Mutaƙarab ita ce Fa'uulun: v – –. Bari mu yanka ɗangon farko. Zan ninka dogon wasali don ku gan shi:

ru waa yaa / zu boo mun / ga ƙar shen / fa rii
v – – / v – – / v – – / v –

Ƙafa uku cikakku, ta huɗu an datse mata gaɓar ƙarshe ta koma Fa'uu. Wannan datsewa illa ce da ake kira hazfi, kuma ƙa'idar illa ita ce in ka fara ta a ƙarshen ɗango, to ka ɗauki alkawari, sai ka kai ta har ƙarshen waƙa. Ku riƙe wannan. Ga na biyu:

mu taa nee / su naa mur / mu shii duk / ga rii
v – – / v – – / v – – / v –

Kun ga ƙafa ba ruwanta da iyakar kalma. "Murmushi" ta rabu biyu, "mur" a ƙafa ta biyu, "mushi" a ta uku. Masu koyo da yawa a nan suke rikicewa, suna neman kowace kalma ta zama ƙafa. Baiti na 1 gaba ɗayansa haka ya tafi, ƙafa 16 babu ko gargada. Ku duba ma dabarar da ya yi a ɗango na huɗu: "ya yi" gaɓa biyu ce marasa nauyi, sai ya dunƙule su "yai", gaɓa ɗaya mai nauyi, ƙafar ta tashi da yai daa, v – –. Wannan halas ne, mawaƙa sun saba yinsa, kuma a maganar yau da kullum ma muna faɗinsa.

INDA KARI YAKE KOYA MANA KARATU

Ga abin da ya sa na ce darasin nan na nahawu ne. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. A ajami ana iya ganinsa, domin ana ja da alif ko wawu ko ya. A boko kuwa kalmomi biyu ko uku sukan sa riga ɗaya. A waƙa mai kari, karin ne yake gaya maka wacce ake nufi.

Ɗauki "fari" a ɗangon farko. Akwai farii na rashin ruwa, akwai faarii jam'in fara. Dukansu manomi yana murnar ganin ƙarshensu. Amma ƙafar ƙarshe v – take nema, don haka gajeren "fa" ne, rashin ruwa ake nufi. "Gari" ma haka: garii na mutane, ba gaarii na tuwo ba. "Bara" a baiti na 3 ta faɗo inda ake neman gaɓa mai nauyi (da baa ra), don haka baara ce, shekarar da ta wuce, ba baraa na roƙo ko na yaron gida ba. "Dawa" a baiti na 4 daawaa ce ta hatsi (su daa waa), ba dawa ta daji ba. "Ƙasa" a baiti na 2 ƙasaa ce, suna, mai dogon wasali a ƙarshe, ba ƙasa kishiyar sama ba.

Wanda ya fi duka daɗi shi ne wannan:

ka raa tuu / ya ɗau ree / ni baa bu / zu waa

In ka karanta shi "karatu yaa ɗaure ni", da dogon "yaa", labari kawai ka bayar, kuma ka karya kari, domin farkon ƙafa gaɓa marar nauyi yake so. In ka karanta da gajeren "ya", kari ya zauna, ma'ana kuma ta koma "karatu NE ya ɗaure ni". Wato uzuri yake bayarwa: ba ƙin zuwa na yi ba, karatu ne. Kun ga bambancin tsawon wasali ɗaya ya mai da labari ya zama neman afuwa. Wanda bai san kari ba zai karanta ɗangon ya wuce, bai ji wannan ba.

Ku lura kuma da ƙafa ta uku a ɗangon nan: ni baa bu, v – v. Gaɓa ta uku ta yi sauƙi. Wannan ba kuskure ba ne, zihafi ne da ake kira ƙabli, Fa'uulun ta koma Fa'uulu. Zihafi yana zuwa ya tafi, ba dole ne ya dawwama ba. Na ƙirga shi sau 6 a waƙar: ni baa bu, da baa ra, ma kee ta, mu shuu ka (sau biyu), da ra bon mu. Dokar a taƙaice ita ce: a ƙafar Mutaƙarab gaɓa ta uku tana iya sassautawa, amma ta farko dole marar nauyi, ta biyu dole mai nauyi. Su ne turken ƙafar.

TUNTUƁE NA FARKO

Baiti na 3, ɗango na 2:

ya bar In / na can baa / ta da laa / fi yaa
v – – / v – – / v v – / v –

Ga ɗingishin nan a ƙafa ta uku. "Ta da" gaɓoɓi biyu ne marasa nauyi a jere, ta biyun ta zauna a kan turke, inda ba a sassauci. Abin lura shi ne in ka ƙirga gaɓoɓin ɗangon za ka samu 11 cif, daidai da 'yan uwansa. Ina kyautata zaton abin da ya yaudari marubucin ke nan, da yatsu ya ƙirga. To waƙar Hausa ba a ƙirga ta kawai, auna ta ake yi. Mudu goma na ƙaiƙayi da mudu goma na gero duk goma ne, amma ɗauki ka ji.

Gyaran ba wuya:

Ya bar Inna can, ga rashin lafiya
ya bar In / na can gaa / ra shin laa / fi yaa

Wannan "ga" ɗin mai dogon wasali ce, ta nuni, irin ta "ga shi". Ba ita ce "ga" ɗin baiti na 2 ba (ga gonar uwa), wadda take gajeriya. Ma'ana ba ta ragu ba, har ma ta ƙaru, domin "ga rashin lafiya" tana nuna nauyi ne a kan nauyi: ga rashin miji, ga ciwo.

TUNTUƁE NA BIYU

Baiti na 3, ɗango na 4:

i naa wan / da zai tai / ma kee ta / a goo naa
v – – / v – – / v – v / v – –

A nan babu ƙafar da ta karye in ka duba ta ita kaɗai. Matsalar ita ce ƙafar ƙarshe ta zo cikakkiya, v – –, alhali sauran ɗangwaye 15 duk sun ƙare da v –. An saɓa alkawarin hazfi. Ɗangon ya zama gaɓa 12, ya fi sauran tsawo, kuma mai rerawa dole ya haɗiye wani abu ko ya ja numfashi ba a wurinsa ba.

Me ya jawo? Amsa-amo. Marubucin yana neman kalma mai ƙarewa da -na, "gona" ta zo masa, ta dace da jigo, sai ya kama. Amma goonaa – – ce, ba ta da siffar daaminaa (– v –) ko tunaa (v –). Wannan shi ne babban darasin yau: idan kana tara kalmomin amsa-amo, kada ka tsaya ga gaɓar ƙarshe, dubi wadda take gabanta. A wannan waƙa rana, kwana, zauna, gona, suna duk suna ƙarewa da -na, amma ba ɗayansu da zai zauna a ƙarshen ɗango. Waɗanda za su zauna su ne irin su tuna, gina, rina, ina, damina.

Shawarata:

Ina wanda zai taimake ta bana?
i naa wan / da zai tai / ma kee ta / ba na

Wani zai ce ai "na" ta bana gajeriya ce. Gaskiya ne. Amma gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukarta mai nauyi, saboda a nan murya take tsayawa, mai rerawa yakan ja ta. Kuma ga riba: baitin ya buɗe da "bara", ya rufe da "bana". Bara akwai tsoho, bana babu. Ciwon gaba ɗaya yana tsakanin kalmomin nan biyu.

SAI AMSA-AMON DA AKA TAMBAYA

Baiti na 1 lafiya lau: fari, gari, iri, kuma dukansu kalmomi ne da jigon yake buƙata, ba a jawo su da ƙarfi ba. Baiti na 2 sauti ya daidaita, sai dai "gonar uwa" ta ɗan yi mini bambaraƙwai. Bahaushe in yana maganar mahaifiyarsa ba kasafai yake cewa "uwa" haka tsurarta ba, ga shi kuwa a baiti na gaba da kansa ya ce Inna. Amsa-amo ne ya tilasta shi. Ba laifi ba ne babba, amma ana jin ɗinkin.

Baiti na 3: duniya, lafiya, zuciya. Daidai ne, sai dai waɗannan kalmomi sun sha hannu, kusan duk mai neman -ya su yake fara tararwa. Kuma ɗangon "Abin nan yana cin mu can zuciya" shi ne mafi rauni a waƙar, ko da yake karinsa bai karye ba. "Nan" da "can" cikon mudu ne kawai, sannan ya gaya mana yana baƙin ciki bayan ɗango biyun da suka gabata sun riga sun nuna mana. Da ya kawo wani abu da ido zai gani, garmar tsohon a jingine ko rumbun da bai cika ba, da ya fi. Kari mai kyau ba ya wanke ɗango marar nama.

Baiti na 4 kuwa akwai kuskure na gaske: gida, guda, gyaɗa. Da da ɗa ba sauti ɗaya ba ne. /d/ daban, /ɗ/ daban, kamar yadda "daidai" da "ɗaiɗai" suke daban, ko "kada" da "kaɗa". Wannan ciwon zamani ne. Da yawanmu muna rubutu a waya ba tare da ƙugiya ba, sai "gyada" ta yi kama da "gida" a ido. Amsa-amo kuwa na kunne ne, gaɓar ƙarshe gaba ɗayanta, baƙi da wasali, ita ake so ta zo ɗaya. Mafita biyu ce: ko a sauya ɗango na uku a samo kalma mai -da, ko a bar gyaɗa a sauya biyun farko da irin su huɗa, faɗa, daɗa, kaɗa.

A baitin dai, "Ba zan ƙara kwana a nan ko guda" ya yar da "ba" ta biyu ta korewa. A zube kuskure ne, a jarrabawa za a ja maka jan biro. A waƙa kuwa mawaƙa sun daɗe suna yin haka don kari da amsa-amo, kuma ma'ana ba ta ɓata ba, don haka na bar masa. Sai dai ku san cewa rangwame ne na waƙa, kada a kai shi cikin insha'i.

Ɗangon rufewa ya maimaita "damina" da aka rufe baiti na 1 da ita. Masana aruli suna ƙin a maimaita kalmar amsa-amo kurkusa da ma'ana ɗaya. A nan ana iya ba shi uzuri, tunda ya koma inda ya faro ne. Abin da ban so ba shi ne "rabonmu". Waƙar ta ɗauko mu da zancen Inna da ciwonta, sai ta rufe da zancen amfanin gona, Inna ta ɓace. Marufin ya fi waƙar sanyi.

HUKUNCI

Cikin ɗango 16, 14 sun hau kari daidai, kuma ga mai farawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alama ce kunnensa yana ji, tun kafin ya san sunan Mutaƙarab. Wurare biyun da ya faɗi kuwa, a duka biyun ya bar kunne ne ya bi ido: sau ɗaya ya ƙirga gaɓa, sau ɗaya ya bi harafin ƙarshe. Kuskuren gyaɗa ma daga ido ya zo. Don haka ɗan uwa, in ka gama rubuta baiti, ajiye wayar, rera shi da baki. Inda harshenka ya sarƙe, yanka wurin gaɓa-gaɓa, za ka ga abin da ya faru.

Aikin gida: ku gyara ɗango na 3 na baiti na 4 ya ƙare da -da ta gaskiya, a kan v – – / v – – / v – – / v –, kuma ku yanka shi da kanku kafin ku turo. Wanda ya ga na yi kuskure a tsawon wani wasali, musamman masu karin harshen Sakkwato da Katsina da Damagaram inda furuci yakan bambanta da na Kano, ya gyara mini, ilimi ne.

Allah Ya sa mu dace. Sai darasi na gaba.